Kundin aikina: ciro kurom daga ruwan kamfanin jima a Kano

Litinin, 8 ga Janairu 2024

Bismillah. Yau Malam ya sa hannu a kan maudu'in, shi ne na ce bari in fara rubuta duk abin da nake yi tun daga yau, don na ga yadda 'yan gabanmu suka sha wahala lokacin rubuta rahoto saboda sun manta ranar da suka yi kaza da abin da ya fito. Aikin dai shi ne in gwada ciro kurom, wani ƙarfe da ake jima da shi, daga ruwan da kamfanonin jima ke zubarwa, ta hanyar abin da nake kira tantanin ruwa-ruwa.

Ba haka kawai na zaɓi wannan ba. Kakana majemi ne, da bagaruwa ya yi sana'arsa har ya bar duniya, kuma ruwan bagaruwa in ka zubar ƙasa ce take cinye abinta. Kamfanonin da ke Challawa da Sharada da Bompai kuwa da hodar kurom suke jima saboda ta fi sauri nesa ba kusa ba, abin da bagaruwa za ta ɗau kwanaki ana jira kurom a yini guda ya gama, fatar ta fito shuɗiya-shuɗiya, ita ce suke ce wa wet-bulu. Matsalar ita ce fata ba ta shanye hodar duka, kusan kashi ɗaya cikin uku a ruwa yake saura, in ba a yi masa komai ba kwata yake bi. Na Sharada ya gangara Salanta, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara, kuma duk wanda ya taɓa bi ta wajen ya ga lambunan latas da alayyahu da ake ba su wannan ruwa da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kurom a ruwan sha ya wuce miligiram 0.05 a lita. Gefe guda kuma hodar nan daga waje ake shigo da ita da dala. Wato abu ɗaya ne, a kwata guba ne, a sito kuɗi ne, ni kuma so nake ya daina shiga kwatar ya koma siton.

Laraba, 17 ga Janairu

Umma ta tambaye ni wai ya za a yi ruwa ya zama tantani, kuma gaskiya sai da na yi mata bayanin sannan ni ma ya zauna min sosai, don haka bari in rubuta shi yadda na faɗa mata.

Ruwa da mai ba sa haɗuwa. To sai ka samu asid mai ƙarfi, irin na ruwan batir, ka kaɗa shi cikin kananzir da wani sinadari mai riƙe su wai shi Span 80, ka yi ta kaɗawa har asid ɗin ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗigo mai ya kewaye shi. Abin zai fito fari kamar madara. Sai ka zuba wannan madarar cikin ruwan datti kana juyawa a hankali, ta rabu dunƙule-dunƙule. Yanzu ga ruwan datti a waje, ga asid a can ciki, ga mai a tsakaninsu, man nan shi ne tantanin. A cikin man kuma an narka wani sinadari D2EHPA wanda ni ɗan dako nake ce masa, saboda aikinsa kenan, ya je bakin waje ya ɗauki ƙarfen da ke cikin ruwa, ya ratsa man da shi, ya sauke wa asid a ciki, ya dawo ya sake ɗauka. Ƙarfen da ya shiga ba ya iya fitowa da kansa. Da haka abin da ke warwatse a ruwa mai yawa sai ya taru a ɗan asid kaɗan. Daga ƙarshe ka bari madarar ta taso sama, ka kwashe, ka fasa ta, mai ya koma aiki, asid mai ɗauke da ƙarfe ya zama kayanka.

Norman Li ne ya fito da dabarar a Amurka a 1968 yana aiki da kamfanin mai na Esso. Kuma ba a takarda ta tsaya ba, a shekarun 1980 masana'antar zare ta Lenzing a ƙasar Ostiriya ta kafa ta don ciro tutiya daga ruwanta, a ƙasar Sin ma an yi amfani da ita wajen cire finol, can kostik soda ake sawa a ciki maimakon asid. Wannan ne ya ba ni ƙwarin gwiwa.

Litinin, 29 ga Janairu

Kayan sun iso, D2EHPA ɗin 'yar ƙaramar kwalba ce amma kuɗinta ya girgiza ni. Yau na haɗa madarar farko. Kananzir mililita 25, asid mililita 25, Span 80 kaɗan, na sa maburgin lantarki na minti biyar ina zuba asid ɗin. Ta farko kafin in wanke hannu ta rabu biyu, mai a sama ruwa a ƙasa. Mai kula da lab ɗinmu ya leƙo ya ce ke da kika zuba asid ɗin da sauri haka ai dole, kuma Span ɗin da sanyin hunturun nan ya yi kauri kamar zuma bai gama narkewa ba. Na ɗumama shi cikin ruwan zafi na sake. Ta biyu ta zauna, fara tas, na ɗiga ɗigo ɗaya a kofin ruwa ya dunƙule bai baje ba, alamar mai ne a waje kenan yadda ake so. Har na tashi ƙarfe biyar ba ta motsa ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na je ɗibar samfur a wani kamfani, ba zan faɗi sunansa ba don sun yi min mutunci sun buɗe min ƙofa. Tun daga bakin get wari yake tarbarka, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wani dattijo da ya fi shekara ashirin a ɓangaren ganguna aka haɗa ni da shi, hannunsa har wuyan hannu ya rine, ƙumbansa sun yi kore-kore. Gangunan na katako ne manya, tsayinsu ya fi mutum, suna juyawa da fatu a ciki suna ƙara kamar tsawa daga nesa.

Na nufi kwatar tsakar gida da jarkata, ya ce a'a 'yar nan, ba nan ba, nan komai ya haɗe, na zubar da gashi da na wanki da na rini, in kurom kike so tsaya a buɗe waccan gangar. Ya kuma ja min kunne kada in kuskura in haɗa ruwan zubar da gashi da ruwan tsami a jarka ɗaya, ya ce iskar da ke tashi tana kayar da mutum nan take. Gaskiyarsa ce, sulfayid ne ke cikin na farkon, in ya haɗu da asid iska mai kisa yake fitarwa, a littafi na karanta shi kuma a jikin aiki ya sani. Da aka buɗe ƙofar gangar ruwan ya kwararo kore-shar mai duhu, da ɗumi, da ɓarɓashin nama da kitse yana yawo a kai. Na cika jarka biyu. Dattijon, wanda nake kira Baba, ya ce min in dai kin iya dawo mana da shi ganga to kin yi aiki, don kowane buhu da kike gani can kuɗi ne na gaske. Na kuma ɗebi na wankin da ake yi bayan an sauke fatun, shi launinsa fari-fari ne da ɗan shuɗi, ban ma san me zan yi da shi ba na dai ɗeba.

A lab na auna pH na mai kaurin, wato ma'aunin tsami wanda raguwar lambarsa ke nufin ƙaruwar tsami, yana wajen 3.8.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Malam ya ce kada in taɓa ruwan kamfani tukuna, in fara da wanda na haɗa da kaina da ruwa mai tsabta. Na haɗa kala biyu, na tutiya da na kurom, don in gane ko hannuna ne ko sinadarin in abu ya ƙi.

Na tutiya ba laifi ko kaɗan, sakamakon na'urar AAS, mai auna yawan ƙarfe a ruwa, ya nuna cikin 'yan mintuna yawancinta ta bar ruwan. Na kurom kuwa minti goma, ashirin, talatin, launin yana nan kusan yadda yake. Raina ya ɓaci har na fara zargin kwalbar D2EHPA, amma ai ita ce ta ɗauki tutiya yanzun nan. Da na koma karatu sai na ga halin kurom ɗin jima ne, wato nau'in da ake kira mai caji uku. A cikin ruwa ƙwayoyin ruwa shida ne ke kewaye da shi kuma yana riƙe su gam, ba ya sakinsu da wuri kamar yadda tutiya ke yi, ɗan dako kuma ba zai iya ɗaukarsa ba sai ya saki. To ga inda gizo ke saƙar: kurom yana son a ba shi lokaci, madara kuma ba ta da lokacin, in ka daɗe kana juya ta fashewa take yi.

Laraba, 6 ga Maris

An ɗauke wuta ana tsakiyar juyawa, sau biyu. Samfur huɗu sun tafi a banza. Daga yau ba na fara gwaji sai an tada janareta.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi huɗu yau, don haka da sassafe nake shiga in fito kafin la'asar. Abubuwa biyu na lura da su a satin nan.

Na farko kumburi. Na zuba madara mililita 50, bayan minti talatin na kwashe na auna a silinda sai na ga ta ƙaru sosai. Ruwa ne yake ratsa man yana shiga wajen asid, saboda ciki ya fi waje kauri, kuma Span 80 ɗin da ke riƙe madarar shi ne yake taimaka wa ruwan shiga. In na ƙara shi madarar ta yi ƙarfi amma ta sha ruwa ta tsinka min abin da na tara, in na rage shi ta fashe. Na biyu kuma pH. Ina farawa a 4.5 sai in ga yana sauka har ƙasa da 3, wani ɓangaren dole ne don duk ƙarfen da ɗan dako ya ɗauka asid yake saki a madadinsa, amma saurin saukar ya nuna min akwai yoyo daga ciki. Da zarar ruwan waje ya yi tsami haka ɗan dako ya daina ɗauka. Sama kuma ba dama, na gwada kai shi kusa da 6 ruwan ya yi gajimare kurom ya fara kwanciya da kansa. Wurin da aikin ke yiwuwa ɗan siriri ne, yanzu ina tsaye a kansa da bututun ɗigo ina ƙara soda ɗigo-ɗigo ana juyawa.

Laraba, 27 ga Maris

Yau na gwada ruwan kamfani mai kaurin, bayan na tace shi sau biyu da takarda. Kumburin bai kai na ruwan da na haɗa ba, ina ga saboda gishirin da ke cikinsa ne, ai da gishiri da asid ake jiƙa fata kafin a sa kurom, to waje ma ya yi kauri. Na ɗan ji daɗi na minti biyar. Daga nan wani abu mai yauƙi toka-toka ya fara taruwa tsakanin mai da ruwa, kamar kumfar da ke tasowa a tukunyar ganda, ya maƙale a jikin bika, wato kofin gilashin gwaji, da maburgi, madarar ta ƙi tasowa da kyau ko bayan awa ɗaya a mazurari. Kitse ne da narkakken naman fata waɗanda takarda ba ta kamawa. Ga kalsiyom da ya rage daga matakin zubar da gashi, shi ma ɗan dako yana ɗaukarsa, ya cika wurin da kurom zai hau. Kuma kurom ɗin ya yi yawa, ɗan asid ɗin ciki ba zai iya ɗauke shi duka ba ko da komai ya tafi daidai.

Na zauna na daɗe ina kallon bikar. Na tuna latas ɗin Getsi.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Mun dawo daga hutun Sallah. Zafi ya kai inda ya kai, lab ɗin da rana kamar tanda, kuma abin mamaki kurom ya fi saurin tafiya a wannan zafin fiye da watan Fabrairu, ɗumi na sa shi sakin ruwan da ya riƙe. Sai dai madarar ma ta fi saurin lalacewa, man ya tsinke.

Wani abokin karatuna ya ba ni shawarar in mayar da kurom ɗin mai caji shida da haidurojin feroksayid, in canza ɗan dako zuwa Aliquat 336, ya ce tafiyar kamar walƙiya ce kuma zan samu sakamako mai kyau a rahoto. Gaskiya ne ana yin haka kuma yana da sauri. Amma ni ban yarda ba. Mai caji shida shi ne wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji, ya fi mai caji uku haɗari da nisa, kuma in na yi tunanin Baba da hannunsa babu safa a bakin ganga, wallahi ba zan iya rubuta hanyar da za ta sa a riƙa ƙera wannan abu a tsakar kamfani ba, ranar da madara ta fashe ina zai tafi? Sannan bayan an ciro shi sai an sake mayar da shi mai caji uku kafin ya yi jima. Na faɗa wa Malam, ya ce ki rubuta dalilinki a babi na biyu ki wuce. Abin da na yi dai na gwada samfurin kamfanin da sinadarin difenilkabazayid, wanda ke komawa shunayya in akwai mai caji shida, ban ga launin ba a nawa jarkokin.

Alhamis, 9 ga Mayu

Wannan satin ya canza min aikin gaba ɗaya. Malam ya sa na gwada tsohuwar hanya don kwatance, wato a zuba hodar magnesiya a ruwan mai kauri a juya a bar shi ya kwana. Da safe na zo na tarar kurom ya kwanta a gindin bika, laka kore mai nauyi, ruwan sama ya yi haske. Na tsiyaye, na zuba wa lakar asid ta narke ta koma kore-shar kamar wanda ya fito daga ganga. Babu kananzir, babu maburgi, babu kwalba mai tsada. Haka masu jima a Indiya, wajen Kanpur da Chennai, suka daɗe suna yi.

Gaskiya abin ya taɓa ni, wata huɗu ina fama ga hoda ta yi a dare ɗaya. Amma dole in faɗi abin da na gani: ga ruwa mai kauri magnesiya ta fi tantanina, kuma duk kamfanin da ya tambaye ni yau ita zan ce ya fara da ita. Inda take gazawa shi ne ruwa mai tsinki, irin na wanki da wanda ke ɗiga daga fatu in an jibge su da na injin matsewa, shi yawa gare shi kurom ɗinsa kaɗan, in ka zuba hoda lakar ba ta taka kara ta karya ba kuma ba ta kwanciya da kyau, don haka ba wanda ke damuwa da shi, kwata yake tafiya kullum. Tantanin ruwa-ruwa kuwa asalinsa don irin wannan aka yi shi, ya tattaro kaɗan daga mai yawa. Sai na tuna jarkar nan ta uku da na ɗebo ban san dalili ba, tana nan a ƙasan benci. Na ce wa Malam ina so in karkata aikin kanta, ya ce ai da ma nan nake jira ki iso.

Talata, 21 ga Mayu

Ruwan wanki, an tace, an bar shi ya kwana na kwashe kitsen sama, sannan na ratsa shi ta gawayi. pH 4.5, ruwan da ɗan ɗumi, juyawa a hankali, madara ɗaya ruwa biyar. Yauƙin nan ya ragu ƙwarai. A minti na ashirin na ɗaga bikar a jikin farar takarda na ga shuɗin ya kusa ɓacewa, madarar kuma da ta shiga fara ta fito da ɗan kore a jikinta.

Fasa ta ne ya ci min yamma. A manyan wurare da wutar lantarki mai ƙarfi ake fasawa, mu ba mu da na'urar, don haka ruwan zafi na sa ta a ciki na jira. Wajen awa biyu sai ga layi ya fito, mai a sama, a ƙasa kuma ɗan ruwa kore wanda bai fi cikin cokali uku ba. Na kira mai kula da lab ya zo ya gani, shi ma ya daɗe yana juya kwalbar a hasken taga. Man da ya dawo bai koma fari ba, akwai saura kurom maƙale da ɗan dako wanda asid bai iya ƙwacewa ba, dole in duba sau nawa zai iya komawa aiki kafin ya gaji. Wani abin da ke damuna kuma ruwan da na tsabtace yana warin kananzir, ba zan ce wa mai lambu ga ruwa ba alhali na cire kurom na sa masa mai. Na ga masu bincike a Malesiya suna gwada man ja a madadin kananzir, ni man gyaɗa zan gwada gauraya, duk da na san kaurinsa zai rage sauri.

Alhamis, 20 ga Yuni

Layya ta wuce ranar Lahadi, fatu sun cika gari, motoci sai shiga kamfanin suke da su jibge da gishiri. Na koma wajen Baba da 'yar kwalbata, abin da na tara daga gwaji goma sha ɗaya, bayan na rage masa tsami da soda sannu a hankali don asid ɗin ya yi ƙarfin da ba za a sa wa fata haka ba. Ya yanko min guntun fatar akuya da aka riga aka jiƙa da gishiri da asid, kamar faɗin tafin hannu, muka sa a kwalba mai murfi, ya ce ki riƙa girgizawa kamar ganga. Na kai gida na yi ta girgizawa har dare.

Yau da safe ya yanka ta da reza ya duba ciki, launin ya ratsa amma tsakiyar da ɗan haske. Ya zana siffarta a kwali da biro, ya jefa ta a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ya ciro ya ɗora a kan zanen. Haka suke gane jima ta kama, wet-bulu na gaske ba ya motsi a ruwan zafi. Tawa ta ɗan tsuke ta gefe ɗaya. Ya ce kurom ɗin na gaske ne 'yar nan, ƙarfinsa ne bai kai ba, ki ƙaro. Kumburin nan ne ya tsinka shi, na sani.

Na ɗebo jarka huɗu na wanki da ɗaya na injin matsewa. Ranar Litinin zan rage Span 80 kaɗan, in rage lokacin juyawa zuwa minti goma sha biyar amma in ratsa ruwan sau biyu da sabuwar madara, sannan in fara gwajin man gyaɗa. Dole kuma in nemi a ba ni lokaci a na'urar AAS kafin 'yan aji huɗu su cika layi.